Makonnin da Ya Kira Sunana

Sunana sunan mahaifiyar mijina ne. Wannan shi ne abu na farko da aka lura da shi ranar da aka je neman aurena, har aka yi ta dariya ana cewa Inna ta samu takwara. Ni ma na yi dariyar a bayan labule, don a lokacin ban san abin da hakan zai jawo mini ba. A wajenmu ɗa ba ya kama sunan uwarsa, ko da a kan wata macen sunan yake. Saboda haka tun da na tare a gidansu da ke bakin kanal ɗin ban-ruwa, tsakanin Kura da Bunkure, mijina bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" yake cewa. In yana cikin nishaɗi ya ce, "Kina ciki?" In kuwa a gaban mutane ne sai ya yi gyaran murya, ni zan gane da ni ake.

Ni kuwa da littattafan soyayya na tashi. Tun ina 'yar makaranta nake karɓo hayarsu a wata rumfa a kasuwar Kura, in ɓoye a cikin hijabi, in karanta a bayan rumbu har idona ya yi ja. A cikinsu namiji yakan kira sunan mace a hankali, ya ja ƙarshensa, ita kuma ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta. Na sha gwada wannan sunkuyon a gaban madubi. Na tanadi yadda zan amsa, na tanadi murmushin, har zoben na saya. Sai ga shi Allah ya haɗa ni da mutumin da ba shi da halin furta kalmar da duk wannan shiri yake jira.

Kada a ɗauka mugu ne. Manomi ne, da rani tumatir da albasa, da damina shinkafa, irin mazan da ke fita tun ƙasa na da raɓa su dawo ƙafa duk taɓo. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. In takalmina ya tsinke, da safe zan tarar an ɗinke shi an ajiye a bakin ƙofa, ba wanda zai ce uffan. Tumatirin farko da ya nuna a gonarsa, a aljihu yake kawo mini shi. Magana ce dai ba ta cikin abin da yake kawowa. Kuma kunyar Inna yake ji, irin wadda ko inuwa ɗaya ba ya yarda mu zauna in tana tsakar gida. Har muka haifi 'ya'ya. Na daina sa zoben, amma ban daina sauraro ba.

A tsakiyar kakar tumatir ta wata shekara ya faɗi. Ya ɗauro kwanduna a bayan babur zai kai bakin titi inda manyan motoci ke lodi, tayar ta zame a kan gaɓar kanal, kansa ya bugu da simintin gefen. Waɗanda suka gani sun ce ya ɗan yi shiru a kwance, sannan ya miƙe yana kakkaɓe riga. Abin da ya fara tambaya shi ne tumatirinsa, wanda ruwa ya riga ya tafi da rabinsa. Da ƙafarsa ya shigo gida. Inna ta cire masa hula ta duba, ta shafa, ta jawo shi cikin hasken rana ta sake dubawa.

"Alhamdu lillahi, ko ɗigon jini babu," ta ce. "Ƙulu ne kawai."

Ta sa na dafa ruwa, ta gasa wurin da tsumma, ta shafa man kaɗanya. Haka muke auna faɗuwa: in jini ya zuba ko ƙashi ya karye, an ji ciwo, in babu ko ɗaya, an auna arziki. Maƙwabta suka shigo yin barka. Ƙanwarsa, wadda ke aure a unguwar gaba amma kullum tana gidanmu, ta ce ai kan Yaya ya fi siminti ƙwari, a je a duba kanal ɗin ko shi ne ya tsage. Washegari ya koma gona. Ƙulun ya sace, mu ma muka manta.

Da ciwon kai abin ya fara, irin wanda ake sayo wa ƙwaya a kemis a haɗiye a wuce. Sai ya fara makara. Mutumin da ban taɓa ganin rana ta same shi a gida ba, ya zama yana zaune a bakin ƙofar ɗakina yana kallona ina tankaɗe. Wani irin kallo ne da ban saba da shi ba, in na ɗago ba ya ɗauke ido. Wata rana da hantsi, makonni bayan faɗuwar, ina tsugune ina wanke shinkafa, Inna na ƙarƙashin darbejiya tana gyaran zogale, sai na ji an kira sunana.

Na ɗauka baƙo ne. Na waiwaya wajen zaure, ba kowa. Aka sake kira, a hankali, aka ja ƙarshensa, daidai yadda na sha ji a cikin kaina. Shi ne. Inna ma ta ɗago, don ita ma sunanta ne, kuma rabon da ta ji shi a bakin namiji a gidan tun kafin rasuwar mahaifinsa. Ta dube shi, ta dube ni, ta tattara zogalenta ta shige ɗaki.

Sunkuyon da na koya bai zo mini ba. Tsayawa na yi baki buɗe, hannuna na ɗigar ruwa.

"Zo ki zauna nan," ya ce, yana dafa tabarma. "Kullum kina can nesa."

"Inna fa tana ji."

"To ta ji mana. Ke ba matata ba ce?"

Makonnin da suka biyo baya su nake ɗauke da su har yau. Ya ba ni labarin ranar da ya fara ganina, a kan gadar kanal, ina tafe ina karatu har na kusa faɗawa ruwa. Ya faɗi launin mayafin da na yafa, kuma bai yi kuskure ba. Ni ban ma san akwai wanda ya gan ni ba. Ya ce ranar da na yi haihuwar fari, da aka ce masa na sauka lafiya, sai ya shige tsakiyar gonar albasa inda ba mai ganinsa ya yi kuka. Ya sa na buɗe akwatina na ciro tsofaffin littattafan, ina karanta masa yana dariya, can kuma sai in ga hawaye na bin gemunsa. Yakan riƙe hannuna da rana tsaka, ko wa zai shigo ya shigo.

Na turara ɗaki da turaren wuta, ya ce bai ji komai ba. Na ƙara garwashi, na ƙara turare, ya ce har yanzu, in matso kusa. Na ɗauka salo ne. Kofin fura ya suɓuce daga hannunsa na hagu ya ɓata masa riga, muka yi ta dariya. Yana cikin magana sai barci ya ɗauke shi, in zauna ina yi masa fifita ina kallon fuskarsa. Ba abin da na gani a jikinsa wanda ban taɓa karantawa ba: mutum ya manta abinci, abu ya suɓuce masa, ya rasa sukunin aiki, ya riƙa kuka ba dalili. A can inda na karanta, so ake kiran wannan.

Mutanen gida su ma suna da tasu fassarar. Ƙanwarsa ce ta fara, da wasa.

"Matar Yaya, don Allah wane malami ne? Faɗa mini ni ma in je. Nawa mijin ko faɗuwa na yi a gabansa sai dai ya tsallake ni."

"Malamin haƙuri ne," na ce, ina juya miya.

"Haƙuri? A miya ake barbaɗa shi ko a fura?"

"Ke dai ki yi ta yi, naki na tafe."

Muka yi dariya. Amma a hankali dariyarta ta riƙa gajarta, har ta zama in ta shigo ɗakin Inna take wucewa.

Abin da ya tsorata kowa shi ne ranar ruwa. A wajenmu bi da bi ake sakin ruwan kanal, kowane layi da ranarsa. Wanda ya bari tasa ta wuce sai ya jira ta zagayo, tumatir kuwa ba ya jira. Na taɓa ganin mutum ya taso daga zaman makoki ya je ya buɗe wa gonarsa ruwa ya dawo ya zauna. Mijina ya bar tasa ta wuce yana kwance da kansa a cinyata. Maƙwabcin gonarsa ya aiko, mijina ya ce a ce yana zuwa, ya koma barci. Da ta sake zagayowa ya sake bari. Ganye ya yanƙwane, fure ya zube.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Cin abincina ta daina. In na kai mata kwano, zan dawo in tarar da shi yadda na ajiye, ita kuma ta hura 'yar wutarta a bayan ɗaki. A gidan suna, a wajen niƙa, maganar ɗaya ce: takwarar Inna ta mallake ɗan mutane, ta shanye shi har ya manta uwarsa da gonarsa. Abin ya yi mini zafi ƙwarai. Amma na lallashi kaina da cewa a littattafai ma haka duniya ke yi wa masoya.

Inna ce ta aika aka kira Malam, mai makarantar Islamiyyar unguwarmu, wanda gonarsa ke layi ɗaya da tamu, don ya karya abin da take zaton an yi wa ɗanta. Ya zo bayan azahar da rubutun sha. A tsakar gida aka yi masa shimfiɗa, saboda mijina ya ce ba inda za shi in ba tare da ni ba. Na tsaya a bakin ƙofa, rabin jikina a cikin labule.

Mijina ya taso daga ɗaki zai je wajen tabarmar. Yana cikin tafiya takalminsa na hagu ya fita, bai sani ba, ya ci gaba da ƙafa ɗaya a ƙasa. Malam ya bi takalmin da kallo. Ya ce ya koma ya sake tahowa. Sannan ya ba shi hannuwansa biyu ya ce ya matsa da ƙarfi.

"Hajiya, yaushe ya fara jan ƙafar nan?"

"Ai duk cikin abin da aka yi masa ne, Malam."

"Allah shi ne masani. Amma ya taɓa faɗuwa, ko wani abu ya buge shi a ka?"

Ƙanwarsa ce ta ce, "Ai wannan tun yaushe, Malam. Ko jini bai fita ba."

"To shi ne ya dame ni. In bai fita ba, ina ya tafi?" Ya miƙa wa mijina ƙoƙon rubutun. "Sha, Allah ya sa albarka. Ku kuma ku nemi mota tun rana ba ta yi sanyi ba. Addu'a muna nan muna yi."

A hanya ya yi amai. Ya kwantar da kansa a kafaɗata, Inna na gefe tana kallon taga, tana jan carbi. Kafin mu wuce Kumbotso sai an jijjiga shi yake buɗe ido. A babban asibiti a birni aka tura shi cikin wata na'ura mai zagayayyen baki aka ɗauki hoton cikin kansa. Likitar mace ce, da wuya ta girme ni. Ta kira mu, ni da Inna, ta ɗaga hoton a haske, ta nuna mana wani abu mai kama da jinjirin wata, kwance a gefen dama, ya ture ƙwaƙwalwar gefe guda.

"Wannan jini ne," ta ce. "Ranar da ya faɗi wata 'yar jijiya ta tsinke a ciki, tana tsiyaya kaɗan-kaɗan, ba hanyar fita. Nan ta wajen goshi kuma ƙwaƙwalwar ta ƙuje. Kun ga halinsa ya canja?"

"Ya canja, likita," in ji Inna.

"Kamar yaya, Mama?"

Inna ta waiwayo wajena. Ni na ce, "Yana yawan magana."

"Faɗa? Zagi?"

"A'a. Magana mai daɗi."

Ta gyaɗa kai kamar na ce mata zazzaɓi. "Yakan faru. Gaban nan shi ke riƙe mutum, shi ke ce masa wannan a faɗa, wannan a bari. In aka danne shi sai riƙon ya saki. Wani ya zama mafaɗaci, wani ya yi ta kuka, wani ya yi ta dariya."

Ta ce za su huda ƙoƙon kan, 'yan ƙofofi ƙanana, su wanke jinin, su bar siririyar roba sauran ya tsiyaye. In ba a yi ba, barcin da yake yi zai ƙara nauyi har ya ƙi tashi. Ƙujewar kuma ba abin da wuƙa za ta yi mata, da kanta take warkewa iyakar inda za ta iya.

"Zai dawo yadda yake?" Inna ta tambaya.

"Muna fata, in Allah ya yarda. Da yawa suna dawowa."

Inna ta ɗaga hannu tana hamdala. Ni ma na ce amin, kuma da gaske nake, don ba abin da nake so kamar ya rayu. Amma na san yadda yake ɗin nan da Inna ke roƙo. Na zauna da shi shekaru.

A baranda Inna ta kamo gefen mayafina. Ba ta dube ni ba.

"Takwara, na zarge ki."

"Ba komai, Inna."

"Akwai komai. Miƙo kwanon nan da kika zo da shi." Ta buɗe ta ci ɗanwaken da ya riga ya huce, tana ci tana share ido.

Da safe aka aske masa kai aka ɗora shi a gadon turawa. Ya buɗe ido da ƙyar yana nemana. Ya kira sunana, amma harshen ya yi nauyi, rabinsa ne ya fito. "Kar ki yi nisa," ya ce. Na ce ina nan. Aka tura shi, ƙofa ta rufe.

Ɗakin da aka kwantar da shi bayan tiyata cike yake da masu irin ciwonsa, yawancinsu 'yan babur. Akwai wani saurayi da uwarsa ke ta yi masa raɗa a kunne, har muka baro asibitin bai buɗe ido ba. Akwai wanda ya farka yana zagin matarsa, ita kuma tana ba shi kunu tana ba mutane haƙuri, tana rantsuwa da ba haka yake ba. Akwai wani dattijo da aka yi wa irin aikin mijina, shi har ya zauna yana cin tuwo yana musun siyasa da masu jinya. Kowa yana kallon gadon maƙwabcinsa yana lissafin inda nasa zai faɗa.

Mijina na kwance a miƙe, an hana a sa masa matashi, kansa naɗe da bandeji. Robar ta fito daga cikin naɗin ta gangara zuwa wata jaka a gefen gado. Abin da ke fita ba ja ba ne, baƙi-baƙi ne kamar tsohon man injin ban-ruwa. Na zauna ina kallonsa yana ɗiga. Ban san me ya sa ba, sai na riƙa ganin gadar kanal ce ke fita, da launin mayafina, da kukan gonar albasa, ɗigo bayan ɗigo, suna taruwa a jakar da nas za ta zo ta zubar.

Ya farka hannuna na kan nasa. Ya dubi rufin ɗakin, ya dubi robar, ya dube ni, sannan idonsa ya kai kan Inna a ɗaya gefen gadon. A hankali ya zare hannunsa ya mayar ƙarƙashin mayafi.

"Inna, sannu. Ina ne nan?" Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Ke, wa ya buɗe wa gona ruwa?"

Inna ta fashe da kuka. "Ɗana ya dawo! Wallahi ɗana ya dawo!" Ƙanwarsa ta saki guɗa har nas ta harare ta. Na fita baranda na yi sujadar godiya a kan siminti, na daɗe ban ɗago ba. Matan da ke wurin suna ta cewa in yi kukana, na farin ciki ne.

Ranar sallama likitar ta ja ni gefe. Ta ba ni ƙwayoyin da zai riƙa sha don kada farfaɗiya ta biyo baya. Ta ce jinin yakan sake taruwa a wasu mutanen, don haka in sa ido: ciwon kai, yawan barci, jan ƙafa, ko halinsa ya sake canjawa. In na yi shakka, in sa shi ya miƙa hannuwansa biyu gaba ya rufe ido. In ɗaya ya fara sauka, mu taho ba jira. Na maimaita mata har ta gamsu. Na juya zan tafi, na dawo.

"Likita, maganganun da ya riƙa yi, nasa ne ko na ciwon ne?"

"Hoton ba ya nuna wannan," ta ce.

Ya warke. Ƙafar ta saki a hankali, hannun ya dawo da ƙarfinsa, tabon ya ɓuya a ƙarƙashin hula. Ƙamshi ne bai dawo ba. Har yau ba ya jin ƙaurin tuwo, ba ya jin warin fetur, ba ya jin turare, na kuma daina ɓata garwashi. Daga faɗuwarsa zuwa farkawarsa a asibiti kuwa, ba abin da ya tuna. Yakan ce kamar an yanke wurin da almakashi an haɗe.

Bayan girbin shinkafa, wata rana muna mu biyu a ɗaki yana gyara igiyar buhu, na ba shi labari. Ba duka ba, na sunan kawai. Ina so in ga ko wani abu zai motsa a fuskarsa.

"Sunan? A bakina?"

"A bakinka."

"Inna tana wurin?"

"Tana gyaran zogale."

Ya ajiye igiyar, ya ɗauki hula ya sa, ya fita. Ina jinsa ya tsallaka tsakar gida ya durƙusa a ƙofarta.

"Inna, an ce na yi rashin kunya a gabanki. Don Allah ki yafe mini."

"Tashi, tashi. Ba kai ba ne, ciwo ne."

Ya dawo da sauƙi a fuskarsa, ya ci gaba da igiyarsa. Daga ranar ban ƙara ba shi labarin komai ba. Maganar gada da ta gonar albasa suna wurina ni kaɗai. Wanda ya faɗe su bai san ya faɗa ba, waɗanda suka ji sauran maganganunsa sun tabbata ciwo ne ya yi magana. Wani lokacin ni kaina sai in yi shakka, ko dai a wani littafin na karanta su na ɗora a bakinsa. Sai in tuna nauyin kansa a cinyata, da yadda gumi ke tsatso masa a goshi. Mutumin waɗancan makonni ya zauna a gidanmu, ya ci abincina, ya san ni, kuma ba kabarin da zan ce nasa ne. Kullum da yamma mijina yana shigowa da jikin mutumin nan, ya jingine fartanya, ya ce, "Kina ciki?"

Bara da rani, ranar ruwanmu, yara na makaranta, ni na kai masa abinci gona. Ya zauna a kan gaɓa ya ci, ruwa na bin layin albasa a hankali. Ba kowa kusa, sai balbelu. Da ya gama ya wanke hannu, bai tashi ba. Ya dube ni, bai ɗauke ido ba.

"Kin sha wahala da ni," ya ce. "Ni ban iya faɗar abubuwa ba. Amma tun ranar da..."

Ya tsaya. Na ga leɓensa na motsi, yana neman hanyar wata kalma. Sai gargaɗin likitar ya faɗo mini.

"Miƙo hannuwanka," na ce.

"Me?"

"Miƙe su gaba, duka biyun. Rufe ido."

Ya yi. Yana zaune a gaɓar gonarsa, ido rufe, hannuwa a miƙe, ruwa na ɗiga daga yatsunsa. Na tsura wa na hagun ido, na jira, na ƙara jira. Ba wanda ya sauka. Daidai suke kamar an auna.

"Kanka na ciwo?"

"Lafiyata ƙalau."

Ya buɗe ido ya sauke hannuwan. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, kunyar nan tasa ta dawo ta rufe masa fuska.

"Ruwa ya kai ƙarshen layi," ya ce. "Bari in je in toshe."

Ya ɗauki fartanya ya shiga cikin albasar. Na tsaya ina jira ko zai waiwayo ya ƙarasa, amma ya riga ya sunkuya yana jawo ƙasa. Na tattara kwanuka na ɗaure a tsumma, na hau gaɓa na kama hanyar gida.